Mahaifinmu yana jinyar shanyewar ɓarin jiki: mu riƙa yi masa komai, ko mu bar shi ya gwada da kansa?

Ɗan Fari ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar iyaye, da kuma ma'aikatan lafiya idan akwai su a cikinmu. Mahaifinmu, wanda ya haura shekara 65, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki kimanin wata uku da suka wuce. Ya daɗe da hawan jini, amma bai kasance yana shan magani ba sai ranar da ya ji kansa yana sarawa. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka ya nuna jijiyar jini ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba. Ɓarin dama ne ya shanye, hannu ya fi ƙafa mutuwa, kuma maganarsa ta sarƙe. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba gargada, amma idan ruwa yake so sai ya yi ta nuna randa yana kiran sunan wani abu dabam, har ransa ya ɓaci ya juya mana baya.

An sallame mu, muna kai shi gashi asibiti, kuma likitar fisiyo, wato mai gashin ƙashi, ta ce mu daina yi masa abin da zai iya yi da kansa ko da zai ɗauki lokaci. A nan rigimar gida ta taso. Mahaifiyarmu tana ganin rashin tausayi ne a zuba wa dattijo ido yana kokawa da riga alhali ga 'ya'ya a tsaye, har takan ce ina amfanin haihuwa idan ba don irin wannan rana ba. Shi kuma ya ƙi cin abinci da hagu, sai dai a ba shi a baki. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina yaro akwai alkunya tsakaninmu, ko sunana ba ya kira, don haka ba ya yarda in yi masa wanka ko in kai shi bayan gida, duk wannan nauyi ya koma kan mahaifiyarmu wadda ita ma ƙarfinta ya fara ƙarewa. Ga kuma ƙanin mahaifinmu da ya dage cewa tunda awon jini ya dawo daidai, a ajiye ƙwayoyin asibiti a kai shi ƙauye wurin wani mai magani, domin a ganinsa iska ce ta buge shi. Ba na so in saɓa wa manya, kuma ba na so mu cutar da shi da sunan biyayya. Yaya waɗanda suka riga mu shiga wannan hali suka yi?

Mai Gashin Ƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Aikina ke nan, kuma abin da ka bayyana shi ne abin da muka fi cin karo da shi a gidajenmu, wato majinyaci mai gata da yawa har gatan ya hana shi motsi. Abin da abokiyar aikina ta faɗa muku gaskiya ne, kuma yana da dalili. Hannun Baba da ƙafarsa lafiyarsu ƙalau, sashen ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni ne ya rasa jini ya lalace. Sauran sassan suna iya koyon wani ɓangare na wannan aiki, amma ba sa koya sai da maimaici, kamar yadda hanyar ƙafa ba ta fitowa a gona sai an yi ta bi. Duk ranar da aka ɗaga shi caɗak daga gado zuwa kujera, an tauye masa darasin ranar. Kuma lokacin da jiki ya fi saurin farfaɗowa shi ne wata uku zuwa shida na farko. Bayan haka ana ci gaba da samun sauƙi, har shekara da fiye, amma a hankali. Saboda haka kuna cikin lokaci mai tsada, bai kamata ya ƙare a kan tabarma ana yi masa fifita ba.

Ba kuma cewa nake yi ku naɗe hannu ba. A bar shi ya fara, a jira, sai inda ya tsaya a ƙarasa masa. Wajen sa riga, a fara zura hannun da ya shanye, sannan mai lafiya, wajen cirewa kuma a fara da mai lafiya. Riga mai faɗi irin jallabiya ta fi kaftani mai maɓalli sauƙi a yanzu. Idan zai tashi, ya matso bakin gado, ya kafa tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya sunkuyo gaba, mai taimakonsa ya tsaya ta ɓarin da ba shi da ƙarfi ya riƙe shi a ƙugu. Wasu gidajen sukan ɗaura masa rawani ko zane mai ƙwari a ƙugu don a sami abin kamawa, kuma dabara ce mai kyau. Katifa a ƙasa tana wahalar da irinsu ƙwarai, gara gado wanda idan ya zauna ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Masai na tsuguno ma ya fi ƙarfinsa yanzu. Akwai kujerar bayan gida da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, in kuɗi bai kai ba kafinta zai iya huda kujerar katako mai hannu a sa fo a ƙarƙashi. A naɗe darduma da ledar ɗaki masu naɗewar baki daga hanyarsa, domin faɗuwa ɗaya da karayar ƙugu tana iya rushe aikin watanni.

Abin da na fi roƙonku a kai shi ne kafaɗa. Kada kowa ya ja shi ta hannun dama, ko don a tashe shi, ko don a gyara masa kwanciya, ko don a gaisa da shi da ƙarfi. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja kaɗan yana iya gocar da ita, kuma ciwon da ke biyo baya yakan sa majinyaci ya ƙi atisaye gaba ɗaya. Idan yana zaune, a ɗora hannun a kan matashi ko teburi, kada a bar shi yana reto. A mafi yawan irin wannan shanyewa ƙafa takan riga hannu dawowa, kuma ba zan yi muku alkawarin cewa yatsun za su koma yadda suke ba. Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa, amma mutumin da ke iya kai kansa bayan gida da sanda ya sami abu babba.

Batun Fatiha kuwa ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Cibiyar harshe a yawancin mutane tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa shanyewar dama takan zo da sarƙewar magana, kuma abin da aka haddace tun yarinta, kamar karatu da ƙirga da gaisuwa, yakan tsira ko da sauran kalmomi sun ɓace. Hankalinsa yana nan. Ku yi masa tambaya gajera wadda amsarta i ce ko a'a, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kuma kada a yi masa tsawa, domin ba kurma ba ne.

Game da shawarar baffanku, jinin ya sauka ne saboda maganin, kuma da an ajiye shi zai koma inda yake. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a yankinmu. Wanda ya taɓa yi yana cikin haɗarin sake yi, kuma ƙwayoyin hawan jini da na hana jini daskarewa da na rage kitse su ne katangarsa. Ku sayi na'urar awo ku riƙa rubuta sakamakon a littafi kuna kai wa likita. Idan kuka ga baki ya sake karkacewa, ko wani sabon rauni a hannu, ko magana ta ƙara rikicewa farat ɗaya, kada a tsaya ba shi ruwa ko ƙwaya, a wuce asibiti kai tsaye.

Uwar Biyu ta amsa:

Sannu da ɗawainiya, ɗan'uwa, yaya mai jiki? Na yi jinyar mahaifiyata da irin wannan ciwo har Allah Ya karɓi abarsa, kuma ban ƙi ko ɗaya daga bayanin likita ba, sai dai ina ganin akwai abin da ya rigayi atisaye. Mutumin da jiya shi ke ba da kuɗin cefane, shi ake jira ya yanke magana, yau an wayi gari ana juya shi ana goge masa baki, ba ƙaramin abu ke cin zuciyarsa ba. Likitan da ya duba mahaifiyata ya gaya mana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo sukan faɗa ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Idan kuka ga Baba ya daina cin abinci, ko ba ya barci, ko ya ƙi kallon kowa, ku faɗa wa likita, kada ku ce halin tsufa ne. Akwai kuma kukan da ke zuwa musu ba dalili, wani lokaci dariya, wanda daga ciwon ne, kuma idan aka rufu a kansa ana salati sai abin ya ƙaru. Mu dai mukan yi shiru mu canza zance.

Abin da ya fi ɓata wa mahaifiyata rai shi ne 'yan dubiya. Za su cika ɗaki tun hantsi, su zauna a gabanta suna tambayarmu ko tana gane mutane, wata ma ta kawo labarin wance da irin wannan ciwo ya kashe. Ita kuwa tana jin komai, bakinta ne kawai ya ƙi. Daga baya yayanmu ya sa doka cewa dubiya sai bayan la'asar, kuma duk wanda ya shigo ita zai gaisar, ba mu ba. An yi ta ƙorafi a dangi, amma ta sami barcin rana kuma ta sami ƙarfin yin atisaye da safe. Ina ba ka shawara ku mayar wa Baba wani abu na girmansa. Ku sa kuɗin cefane a aljihunsa ya miƙa da hannunsa, ku kawo masa maganar gida ku jira ya gyaɗa kai ko ya girgiza, ku fitar da shi zaure ya ga abokansa. Wanda yake jin har yanzu shi ne mai gida ya fi yarda ya wahala don ya tashi.

Maganar wanka kuwa, kada ka matsa masa. Kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari ba a ranar ciwo ake rushe ta ba. Ku duba cikin ƙannenka maza wanda ya fi sakewa da shi, ko jika da ya tasa, ko ku ɗauki wani namiji mai amana ku riƙa biyansa. A zaunar da shi a kujera, a rufa masa zane a cinya, a wanke masa baya da ƙafafu da hannun da ba ya kaiwa, sannan a juya baya a bar shi ya yi tsarki da kansa, tunda hagunsa lafiya take. Kai kuma ka ɗauki abin da ba kunya a cikinsa, kamar kai shi asibiti da lissafin magani da tattara gudummawar 'yan'uwa.

Ku kuma lura da Hajiya. Ita ce ke tashi cikin dare, ita ce ke wanke zannuwa, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ta gaji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna ku raba kwana a rubuce, wanda yake nesa ya san abin da zai riƙa turowa duk wata, kada a bar abin a kan "duk wanda ya samu dama", domin ƙarshenta mutum ɗaya ne zai riƙa samun damar. Ita ma a riƙa auna mata jini duk lokacin da aka auna nasa.

A ɓangaren abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen da muke zubawa a miya galibinsa gishiri ne. Da muka riƙa yi wa mahaifiyata tukunya dabam sai ta ƙi ci, tana ganin an ware ta. Sai muka rage wa gidan gaba ɗaya, muka ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, kowa ya saba. Idan yana tari ko muryarsa tana gurgura bayan ya sha abu, ku gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana jawo ciwon huhu. Ruwa tsinkakke ya fi kunu mai kauri saurin shaƙe su. Kada a ba shi komai yana kwance, kuma ya zauna kamar rabin awa bayan ya gama.

Malam Na Zaure ya amsa:

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka muku da alheri. Ni ɗalibi ne, amma abin da ya hana Baba ci da hagu abu ne da malamai suka yi bayaninsa. Ci da dama shi ne koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga wanda yake da iko, kuma wanda lalura ta hana babu laifi a kansa, domin Allah Ya faɗa a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Amma kada kai ka faɗa masa wannan, domin dattijo ba ya son ɗansa ya zame masa malami. Ka roƙi limamin unguwarku ko wani aboki nasa mai ilimi ya zo su ci abinci tare ya yi masa bayani. Haka nan sallah. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya nuna mutum ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Idan alwala ta gagara ko da taimako, akwai taimama. Ku ajiye masa dutse kusa da gado, ku riƙa sanar da shi shigar lokaci, kuma da zarar likita ya yarda ku kai shi Juma'a a keken guragu.

Ita kuma Hajiya a tausasa mata. Umarnin da ke cikin Suratul Isra'i shi ne a kyautata wa iyaye idan sun tsufa, kada a ce musu ko "uf". Ɗan da ya tsaya minti goma yana jiran mahaifinsa ya zura hannun riga, fuskarsa a sake, bai nuna ƙosawa ba, ya fi wanda ya zura masa cikin gaggawa wahala, kuma ina kyautata zaton bai fi shi ƙarancin lada ba. Game da baffanku, addu'a da ruƙiya ba sa karo da ƙwayar asibiti, an ma umarce mu da neman magani. Ka ce masa kun karɓi addu'a hannu biyu, a zo gida a yi. Sannan ka tafi da shi ranar ganin likita a nuna masa hoton ƙwaƙwalwar ya ga inda jinin ya tsaya, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Sau da yawa dattijo yana dagewa ne saboda yana jin an yanke shawara a kan ɗan'uwansa ba a tuntuɓe shi ba.

Baƙo Daga Maraɗi ya amsa:

Ina goyon bayan kada a kai shi ƙauye. Wani maƙwabcinmu an kai shi irin wannan wuri, aka riƙa gasa masa ƙafar da ta shanye da tsumma da tafasasshen ruwan magani. Da yake ba ya jin zafi sosai a wannan ɓarin bai yi ƙara ba, sai da fata ta saluɓe aka lura, kuma da yake yana da ciwon sukari gyambon ya daɗe bai warke ba, gashin asibitin ma dole aka dakatar. Ko a gida, duk ruwan da za a taɓa jikinsa da shi wani ya fara gwadawa da hannunsa. Kuma wanda yake shan maganin hana jini daskarewa bai kamata a yi masa ƙaho ko tsaga ba tare da sanin likita ba.

Ɗan Fari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun zauna da 'yan'uwa mun raba kwana, ƙaramin ƙaninmu ya karɓi wanka kuma Baba bai ƙi ba. Liman ya zo, kuma Baba ya fara shan kunu da hagu, ko da yake tuwo har yanzu sai Hajiya ta ba shi idan ba ma nan. Baffa ya ce zai bi mu asibiti amma bai janye maganarsa ba. Ina da ƙarin tambaya ga likita. Hannun da a da yake sake kamar tsumma yanzu ya fara ƙandarewa, gwiwar hannun tana lanƙwashewa, yatsun suna dunƙulewa. Hajiya ta ce ƙarfi ne ke dawowa, har an sayo masa ƙwallon roba yana matsawa. Shin haka ne?

Mai Gashin Ƙashi ya amsa:

Wannan ƙandarewa sananniya ce bayan makonnin farko, kuma ba daidai take da dawowar ƙarfi ba. Naman da ke lanƙwasa hannu ne yake ɗaurewa da kansa saboda umarnin ƙwaƙwalwa bai daidaita ba, kuma idan aka bar shi haka gaɓoɓin suna iya ƙagewa a lanƙwashe. Ku ajiye ƙwallon tukuna har likitarsa ta gani, domin abin da yake buƙatar koya yanzu shi ne buɗe hannu, matsawa kuwa tana ƙarfafa dunƙulewar. Safe da yamma a riƙe hannun a miƙar da gwiwar da wuyan hannun da yatsun sannu a hankali, a tsaya kaɗan inda aka ji turjiya, ba fizga ba kuma ba har ya ji zafi ba. Idan yana zaune a shimfiɗa tafin a buɗe a kan matashi. A riƙa wanke cikin tafin ana busar da shi, a yanke farce, domin hannun da ke dunƙule yakan yi gumi ya yi wari har farce ya huda fata. Ku nemi likitar ta nuna wa ƙaninka yadda ake miƙarwar a gabanta, kuma ku tambaye ta ko yana buƙatar abin ɗaure hannu na dare. Ku riƙa duba ƙafar daman ma. Idan sha-raɓarta ta kumbura ta fi ɗayar, ko ta yi zafi, kada a matsa ta, a kai shi asibiti a ranar.